Mota Marar Direba da Hannun Ɗan Adam: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da hotunan bidiyo na motocin da ke tafiya babu kowa a kujerar direba suka fara yawo a WhatsApp da Facebook, musamman waɗanda ke nuna mota ta ja birki saboda ɗan sanda ya ɗaga mata hannu, zancen bai bar bakin mutane ba a Maraɗi. Ana yin sa a tasha, ana yin sa a fada bayan an ɗora shayi, kuma tambayoyin da direbobi da ƴan kabu-kabu da ɗalibai suke yi kusan iri ɗaya ne. Su ne aka tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Da gaske akwai motar da ke tafiya babu direba, ko dai haɗin bidiyo ne?

Akwai ta, har tana ɗaukar fasinja ana biyan ta kuɗi, sai dai a wasu birane ƙalilan. Kamfanin Waymo, wanda ya samo asali daga wani aikin bincike da Google ya fara a 2009, ya buɗe wa jama'a tasi marar direba a yankin birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka a watan Oktoba na 2020, daga baya ya kai San Faransisko da Los Anjalas da Ostin da Atlanta. A watan Afrilu na 2025 an sanar cewa motocinsa suna yin jigila fiye da 250,000 a kowane mako. A ƙasar Sin kuma kamfanin Baidu yana da tasin Apollo Go, wanda ya fi yawa a birnin Wuhan.

Sai dai ba kowace motar da aka ce tana tuƙa kanta ce take haka ba. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta kasa abin zuwa matakai shida, daga 0 zuwa 5, a wata ƙa'idar da ta fitar a 2014. A mataki na 2 mota tana iya riƙe sitiyari da daidaita gudu, amma idon direba dole ya kasance a kan hanya, kuma motocin Tesla da ake sayar wa mutane a wannan mataki suke. Tasin Waymo yana mataki na 4, wato yana tafiya shi kaɗai, amma a cikin yankin da aka riga aka zana taswirarsa dalla-dalla. Mataki na 5, inda mota za ta bi kowace hanya a kowane yanayi, babu wanda ya kai shi.

Me ya sa ake damuwa da hannu? Fitilu da allunan hanya ba su wadatar ba?

Harshenmu ma ya riga ya amsa wannan tambaya, domin mu jami'in da ke tsaye a mararraba “mai ba da hannu” muke ce masa, fitilar da ta gaje shi ita ma ta ba da hannu ce, kuma direban da ya kauce daga layinsa sai mu ce ya bar hannunsa. Tun asali hannu ne dokar titi, fitila daga baya ta zo.

A shari'a ma haka abin yake. Yarjejeniyar Biyenna ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa, wadda Nijar take cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta tanada a sashe na 6 cewa umarnin jami'in da ke ba da hannu yana gaba da fitila da allo da sauran ƙa'idojin hanya. Ta kuma fayyace wasu alamu: hannu ɗaya a miƙe sama yana nufin kowa ya tsaya, hannu a miƙe gefe yana tsayar da waɗanda ke tahowa ta gaban jami'in da ta bayansa, jujjuya jar fitila kuma yana tsayar da wanda aka haska. Saboda haka motar da ta iya karanta fitila amma ba ta iya karanta jami'i ba, dokar da ta fi ƙarfi ce ta jahilta. Ana kuma buƙatar hannu ne daidai lokacin da al'amura suka rikice, wato wajen haɗari, ko gyaran hanya, ko gobara, ko ɗaukewar wuta. A watan Disamba na 2025, da wuta ta ɗauke a wani babban ɓangare na San Faransisko fitilun mararraba suka mutu, an ga motocin Waymo da yawa cirko-cirko a kan titi, har kamfanin ya dakatar da aiki na ɗan lokaci. Mutumin Maraɗi ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ɗaukewar wuta ke yi wa gari.

To ta yaya na'ura take gane cewa an ɗaga mata hannu?

Motar tana da idanu iri uku. Akwai kyamarori da ke kewaye da ita, akwai rada mai auna nisa da gudun abu, akwai kuma wata na'ura da ake kira laida, wadda ke harba ɗigon haske masu ɗimbin yawa tana auna lokacin da suke ɗauka kafin su dawo, ta haka take fitar da siffar duk abin da ke gefenta. Tesla dai ya zaɓi ya dogara da kyamara kaɗai, abin da masana har yanzu suke jayayya a kansa.

Idan manhajar motar ta tabbatar cewa abin da ke gabanta mutum ne, sai ta nemi gaɓoɓinsa, wato kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu da ƙugu da gwiwa, ta haɗa su kamar yadda yaro ke zana mutum da layuka a ƙasa. Hoto ɗaya ba ya isa, domin mai sosa ƙeya da mai cewa a tsaya suna iya yin kama a cikin ƙiftawar ido guda. Dole ta bi motsin na ɗan lokaci, ta duba inda fuskar mutumin take kallo, ta duba abin da ke hannunsa da tufafin da ke jikinsa, sannan ta kwatanta da dubban misalan da aka koyar da ita da su. Injiniyoyin Cruise, wani kamfanin motoci marasa direba na Amurka, sun bayyana a 2020 cewa sun ɗauko dabarar masu haɗa wasannin kwamfuta, inda ake manna wa mutum na'urori a jiki ya riƙa yin alamar tsayawa da ta wucewa da ta juyawa dama ko hagu, har da motsin da ba ya nufin komai, don motar ta koyi yin biris da shi. Aikin ba sabo ba ne: tun 2015 Google ya samu rajistar mallakar fasahar gane alamun hannun masu keke, kuma a 2019 Waymo ya fitar da bidiyon motarsa tana bin umarnin ɗan sanda a mararrabar da fitilarta ta lalace.

Yaya mutanen da motocin ke yawo a garuruwansu suka karɓi abin?

Ra'ayi ya rabu, kuma bai rabu cikin natsuwa ba. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, tana tambayar direbobi duk shekara. A 2023 kashi 68 cikin 100 sun ce suna tsoron motar da ke tuƙa kanta, a 2024 kuma kashi 66. Tsoron bai tsaya a baki ba. A watan Yuli na 2023 wasu masu fafutuka a San Faransisko, da ke kiran kansu Safe Street Rebel, suka gano cewa idan aka ɗora robar nan mai tsini ta masu gyaran hanya a kan murfin injin motar, sai ta sandare ta kasa gaba ta kasa baya, suka kuma riƙa kiran jama'a su yi haka. A watan Fabrairu na 2024 wani taron mutane ya farfasa wata motar Waymo ya banka mata wuta a unguwar Sinawa ta birnin, babu kowa a cikinta. Ma'aikatan kashe gobara na birnin sun sha kai ƙara cewa motocin suna kutsawa inda ake aikin ceto ko su tare wa motar agaji hanya, ga shi babu direban da za a daka wa tsawa. Wannan koken nasu yana cikin abin da ya matsa wa kamfanoni su dage wajen koya wa motocin gane hannun jami'i.

A ɗaya gefen akwai waɗanda suka rungumi abin hannu bibbiyu. Makafi da tsofaffin da ba sa iya tuƙi sun samu hanyar fita ba tare da roƙon kowa ba, wasu mata kuma sun ce hankalinsu ya fi kwanciya da daddare idan babu baƙon namiji a gaban mota.

Game da batun hannu kansa, duk lokacin da sabon bidiyo ya fito martanin yakan kasu uku. Wasu mamaki suke yi. Wasu cewa suke yi ai abin kunya ne a ce an saki mota a titi shekara da shekaru sannan yanzu ake murnar ta gane abin da ɗan koyon tuƙi ke ganewa a makon farko. Kashi na uku, waɗanda a ganina su ne suka taɓo inda ke ciwo, tambaya suke yi: hannun wa za ta bi? Amsar da ke biye a kan wannan take.

Ke nan duk wanda ya ɗaga mata hannu za ta tsaya masa?

Nan ne wahalar take. An gina motar a kan kada ta buge mutum ko ta halin ƙaƙa, don haka wanda ya tsaya a gabanta ya riga ya tsayar da ita, ko ya ɗaga hannu ko bai ɗaga ba. A 2024 wata fasinja a San Faransisko ta yaɗa bidiyon wasu maza biyu da suka tare gaban motar da take ciki suna neman ta ba su lambar wayarta, motar kuwa ta tsaya cak. Da direba ne, da ya kauce ya wuce. Alamar “wuce” ta ma fi ta “tsaya” haɗari, domin idan mota ta tsaya a kan kuskure lokaci kawai aka ɓata, amma idan ta bi hannun wani mai wucewa ta shiga mararraba ana iya rasa rai. Shi ya sa ake koya mata ta nemi shaidar iko, kamar kakin jami'i ko rigar nan mai ƙyalli ko allon da ke hannunsa, kuma ko an ba ta hannu sai ta tabbatar da idanunta cewa hanya a buɗe take.

Direbobin da ke bin hanyar Madarunfa ko Gidan Rumji ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya su ne suka fi saurin fahimtar wannan matsala, domin rashin tsaro ya koya musu cewa ba kowane mai ɗaga hannu ake tsaya wa ba. Gogaggen direba ba hannun kaɗai yake dubawa ba. Yana lura da wurin, ko an saba ganin shingen jandarma a nan ko ba a saba ba. Yana lura da lokaci. Yana lura da ko an daɗe mota ba ta taho daga gaba ba, wanda shi kansa labari ne. Yana kuma karanta fitilar da abokin sana'arsa ya ƙyafta masa suna giftawa. Kaki ma ana iya arowa. Motar da aka koya wa cewa duk mai kaki a yi masa biyayya, an miƙa mabuɗinta ga duk wanda ya iya ɗinka kaki, kuma wannan ba matsala ce da ƙara yawan kyamarori zai warware ba.

Za ta gane alamun hannun Bahaushe kuwa?

Motar abin da aka nuna mata kawai ta sani, kuma a titunan Amurka da Sin da Turai aka nuna mata. A ɗauki alamar tsayawa da aka fi koya mata, wato a buɗe tafin hannu a fuskanci mota da shi, yatsu biyar a ware. A wurinmu wannan daƙuwa ce. Ɗan kabu-kabun da mota ta matse a bakin kasuwa, ya juyo ya watsa mata yatsu biyar, zagin uwa ya yi, ba umarni ya bayar ba, amma na'urar da ba ta san garin ba tana iya ɗauka an ce ta ja birki. Haka nan yafito: mu tafin hannu muke kifawa ƙasa mu riƙa jawo yatsu idan muna kiran mutum, alhali Bature tafinsa sama yake juyawa, kuma irin namu motsin a idonsa ya fi kama da “rage gudu” ko sallama. Dunƙule hannu a ɗaga sama kuwa, a wurinmu jinjina ce ta girmamawa, wadda ake yi wa sarki da manya, amma a wasu ƙasashe alamar bore ce ko barazana.

Bayan waɗannan akwai yaren da titi ya ƙirƙira wa kansa. Mai jiran adaidaita yakan nuna da yatsa ɓangaren da ya nufa tun daga nesa, direban kuma ya amsa masa da hannu cewa ba can za shi ba ko kuwa ta cika. Direban babbar mota a kan hanyar Yamai ko ta Damagaram yakan kunna sigina don gaya wa na baya ya wuce ko ya dakata, ba don zai juya ba. Yaron mota yakan buga jikin mota, direba ya san ya tsaya ko ya tashi. Idan mota ta lalace, rassan itace ake jerawa a kan kwalta. Makiyayi yana ɗaga sanda ne ga shanunsa, amma direba ya san saƙon har da shi. Almajirin da ya miƙo hannu da mai tallar da ta ɗaga kayanta ba tsayar da hanya suke yi ba. Wani lokaci ma ba a amfani da hannun sam, da haɓa ko da leɓe ake nuni, ko kuma dattijo ya dubi direba kawai ya sako ƙafa a titi, shi kuwa ya san abin da ya kamace shi. Idan kuma aka fito da gawa a makara, babu wanda ke ba da hannu, amma kowa yana tsayawa.

Duk waɗannan ana iya koya wa na'ura, in akwai wanda zai ɗauki hotunan ya zauna ya fassara mata su ɗaya bayan ɗaya. Aikin mutanen gari ne, domin injiniyan Kalifoniya bai san daƙuwa ba. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun fi shi cancantar wannan aiki.

An ce ba ta ganin baƙar fata sosai. Haka ne? Ina batun babbar riga da hijabi?

Zancen yana da tushe, amma a faɗe shi yadda yake. A 2019 masu bincike na Cibiyar Fasaha ta Jojiya a Amurka sun gwada wasu manhajojin gano mutane a hoto, suka ga sun fi kuskure wajen masu duhun fata da kusan maki 5 cikin 100. Wani binciken na King's College da ke Landan a 2023 ya nuna cewa irin waɗannan manhajoji sun fi gano manya a kan yara da kusan kashi 20 cikin 100. Abin lura shi ne manhajojin da ke a fili aka gwada, ba waɗanda kamfanoni ke ɓoyewa a cikin motocinsu ba, sannan motar da ke da laida da rada ba ta dogara da launi kaɗai. Duk da haka dalilin kuskuren sananne ne: wanda ya yi ƙaranci a hotunan koyarwa shi ne na'ura ke yawan kasa ganewa.

Tufafi kuwa matsala ce ta daban. Kamar yadda aka bayyana a amsar yadda na'ura ke gane hannu, gaɓoɓi take nema, babbar riga da dogon hijabi kuwa suna rufe kafaɗa da gwiwar hannu gaba ɗaya. A ƙara da hazon hunturu da ƙurar da ke dusashe kyamara ta kuma rikita laida, da unguwannin da babu fitilar titi da daddare.

Ita kuma motar, ta yaya za ta ce mini in wuce?

Wannan rabin zancen ne da ake yawan mantawa. Mai tsallaka titi ba mota yake kallo ba, idon direba yake nema, in sun haɗa ido ko an yafito shi sai ya sako ƙafa. Kamfanoni sun gwada dabaru iri-iri don cike wannan gurbi. A 2017 Ford da masu bincike na Virginia Tech sun sa wani mutum ya yi shigar kujerar mota ya ɓuya yana tuƙi, don su ga yadda jama'a za su fahimci wasu fitilu da aka jera a saman gilashi. A 2018 Jaguar Land Rover ya maƙala wa wata ƙaramar motar gwaji manyan idanu masu bin mai tafiya da kallo, a shekarar kuma kamfanin Drive.ai ya sa wa motocinsa a Tekzas alluna masu rubutun cewa suna jiran mutum ya tsallaka. Mercedes ya samu izini a Kalifoniya da Nebada a ƙarshen 2023 ya gwada fitila mai launi tsakanin shuɗi da kore, don a san lokacin da motar ce ke tuƙin. Har yanzu ba a tsaya a kan alama guda da duniya ta yarda da ita ba, kuma allo mai rubutun Turanci ba zai amfani tsohuwar da ta fito daga Tibiri da kayanta a ka ba.

Idan ta kasa gane abin da ake nuna mata, me take yi?

Takan rage gudu ko ta tsaya, sannan ta aika tambaya ta intanet ga ma'aikatan kamfani da ke zaune a wani ofishi suna kallon abin da kyamarorinta ke gani. A tsarin Waymo ba su ne ke riƙe sitiyari daga nesa ba, shawara suke ba ta, kamar su ce wannan layin a rufe yake, ta bi wancan. Wannan yana nufin motar tana buƙatar layin sadarwa mai ƙarfi da ba ya yankewa.

Idan ta yi wa hannu mummunar fahimta ta buge mutum, wa za a kama?

Abubuwa biyu da suka faru sun nuna yadda amsar ke sauyawa. A watan Maris na 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da daddare tana tura keke a garin Tempi na Arizona. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma ta yi ta sauya ra'ayi a kan ko mota ce ko keke ko wani abu daban, kuma ba a tsara ta da tunanin mutum zai tsallaka a inda ba a zana wurin tsallakawa ba. Duk wanda ya san yadda ake tsallaka titi a gaban babbar kasuwa zai gane nauyin wannan magana. Ba a gurfanar da kamfanin da laifin kisa ba. Ma'aikaciyar da aka sa ta lura da motar, wadda hankalinta ke kan waya, ita ce ta amsa laifi a 2023. Na biyu shi ne na Cruise a watan Oktoba na 2023, inda wata mota mai direba ta buge wata mata ta wurgo ta gaban motar kamfanin, ita kuma ta ja ta kusan mita 6 tana ƙoƙarin gangarawa gefe. A nan babu ma'aikaci a ciki, don haka kamfanin ne ya sha: Kalifoniya ta janye masa izini a watan, kuma a Disamba na 2024 General Motors, uwar kamfanin Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar tasin.

Dokoki suna bin baya a hankali. An yi wa Yarjejeniyar Biyenna gyaran da ya fara aiki a 2022 don a iya ɗaukar na'ura a matsayin direba idan dokar ƙasa ta yarda, Birtaniya kuma ta yi doka a 2024 da ta ɗora alhakin tuƙin a kan kamfanin da aka ba izini, ba a kan wanda ke zaune a ciki ba. A wurinmu tambayar ta wuce kotu da inshora. Idan aka yi haɗari akwai zuwa dubiya, akwai gaisuwar mutuwa, akwai zaman sulhu da maganar diyya ko yafewa, kuma duk waɗannan mutum suke nema wanda zai zo ya durƙusa gaban dangi.

To wa ya fi iya kiyaye haɗari, ita ko mutum?

A inda take aiki, alƙaluman da ke akwai suna goyon bayanta. Wani nazari da Waymo ya yi da kamfanin inshora na Swiss Re, wanda aka fitar a ƙarshen 2024 a kan tafiyar mil miliyan 25.3, ya nuna raguwar kashi 88 cikin 100 na neman diyyar dukiya da kashi 92 na neman diyyar rauni, idan aka kwatanta da direbobi mutane. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta amsa waya, ba ta shan ƙwaya don ta kwana tana tuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowane yanki asara, don haka ba mu ne za mu raina abin da zai rage wannan ba. Amma kamfanin yana da hannu a nazarin, kuma an yi awon ne a titunan da ke da zane da fitilu, inda babu amalanke, babu jaki, babu babur ɗauke da mutum huɗu.

Mu direbobi da ƴan kabu-kabu, abincinmu zai ƙare ke nan?

Fargabar ba taku ce ku kaɗai ba. A tsakiyar 2024 direbobin tasi na Wuhan sun koka cewa Apollo Go yana karya farashi yana ƙwace musu fasinja, a Amurka kuma ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ta nemi a tilasta sa mutum a cikin kowace babbar mota mai tuƙa kanta a Kalifoniya, amma gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a dokar a 2023.

A nan dai aikin direba ya fi murɗa sitiyari yawa. Shi ne ke ɗaure kaya, shi ne ke ciniki, shi ake ba saƙo da amana, shi ne ke kwance taya a dokar daji, shi ne kuma ya san yadda ake magana a shinge. Motar da ke ɗauke da na'urori masu tsada irin waɗannan ba za ta yi gogayya da babur a kan kuɗin zuwa unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba nan kusa.

Tunda ba ta iso Maraɗi ba, me ya shafe mu da ita yanzu?

Tasi marar direba yana buƙatar taswira mai zurfi da layin sadarwa da wutar caji da dokar da ta ba shi izini, kamar yadda amsoshin baya suka nuna, don haka ba shi ne zai fara zuwa ba. Abin da zai riga shi isowa, ya ma fara, shi ne guntayen fasahar a cikin motocin hannu da ake shigo da su daga Turai da Amurka: birkin da ke kama kansa idan ya hango abu, sitiyarin da ke mayar da mota cikin layi, da na'urar da ke daidaita tazara da motar gaba. Waɗannan duka ba su wuce mataki na 2 ba. Ba a yi su don su karanta hannun kowa ba, kuma mai riƙe layi zanen kwalta yake bi, inda zanen ya goge kuwa ba shi da abin bi.

Wanda ya sayi irin wannan mota ya nemi a nuna masa waɗanne na'urori ne a cikinta da yadda ake kunna su da kashe su, ya riƙa goge ƙura daga kyamarar da ke bayan madubin tsakiya da na'urar da ke cikin hancin motar, kuma ya sani cewa idan aka canja gilashin gaba ko aka yi gyaran hancin bayan karo, kyamarar da radar suna buƙatar a sake saita su da kwamfuta kafin a dogara da su.